Man giya ya koma fari: ta ina ruwa ke shiga ƙafar inji?

Mai Jirgin Yauri: Assalamu alaikum iyayena da yayyena masu harkar ruwa. Shawara nake nema. Injin da nake aiki da shi Yamaha 40 ne, na jirgin kawuna, muna ɗaukar mutane da kaya tsakanin Yauri da ƙauyukan bakin ruwa. Jiya da yamma na kwance sukurun ƙasa na ƙafar injin, wato ɓangarensa na ƙasa da ke shiga ruwa mai ɗauke da giya da farfela, zan canja man giya, sai ga man ya fito fari-fari kamar shayin da aka cika wa madara. Lokacin da aka zuba shi garau yake. Injin bai canja ƙara ba, giya na shiga gaba da baya lafiya lau. A kwata wani ya ce in sayi oyil sil na farfela, wato zoben robar da ke hana mai fita da ruwa shiga, in sa, magana ta ƙare. Wani kuma ya ce in zuba sabon mai in ci gaba da aikina. Kuɗin ba nawa ba ne, ba na son in kashe wa kawu kuɗi a kan abin da ba shi ne ya lalace ba. Ta ina zan fara?

Makaniken Lokoja: Wa alaikumus salam. Kada ka sayi komai tukuna, ƙanena. Fara amsa mini waɗannan. Da ka kwance sukurun, injin ya daɗe a ajiye ne ko daga aiki ka dawo? Ruwa zalla ya fara fitowa kafin man, ko tun farko a gauraye ya zo? Abin da ya fito ya kai yawan abin da aka zuba? Sukurun ƙasa yana da maganaɗisu a bakinsa, me ka gani a manne da shi? Sannan washar sukuran nan biyu, na sama da na ƙasa, sababbi ne ko tsofaffin ake ta mayarwa?

Dattijon Baga: Yaro, injin da ke kwana cikin ruwa dole wata rana ya sha ruwa. Mu da muke shiga tafkin Chadi mu yi nisa, inda babu makanike babu shago, abin da muka sani shi ne ka riƙe galan ɗin man giya a jirgi. Ka ga ya yi fari, ka juye ka zuba sabo. Injina da yawa sun tsufa a hannunmu a haka. Idan ka ce duk farin da ka gani sai an farke ƙafa, ba za ka yi aiki ba.

Mai Jirgin Yauri: Oga, daga aiki na dawo, injin bai fi awa ɗaya da kashewa ba. Ban ga ruwa zalla ba, a gauraye ya fito. Yawansa kuwa kamar ma ya ɗan ɗara abin da ake zubawa, don na tare shi a gorar ruwa. A kan maganaɗisun akwai baƙin gari mai laushi, na murza a yatsa ban ji tsini ba. Washa kuwa tun da aka sayo injin na hannu su ne a jiki. Baba, na gode, amma wannan man bai daɗe a ciki ba, shi ya sa hankalina ya tashi.

Malamin New Bussa: Kafin a yanke hukunci, a tabbatar ruwan ne. Man da aka juye ba da daɗewa da kashe inji ba yakan yi haske saboda giya ta kaɗa shi ya cika da ƙananan kumfa. Wannan iska ce kawai, in ka bar shi cikin kwalba mai haske zuwa safe zai washe ya koma kalarsa. In ruwa ne ba zai washe ba, in kuma ya daɗe a ajiye za ka fara ganin ruwan yana taruwa a gindin kwalbar, domin ruwa ya fi mai nauyi. Wannan ne dalilin da Oga ya tambaye ka ko injin ya kwana: wanda ya daɗe a ajiye, ruwan ke fara fitowa ta sukurun ƙasa. In kana gaggawa, ɗora guntun ƙarfe a wuta ya yi zafi sosai, ka sauke shi, ka ɗiga man kaɗan a kai, kana nesa da fetur. In mai ne zalla, hayaƙi kawai zai yi ba tare da ƙara ba. Mai ruwa a ciki zai yi ta tartsatsi yana ƙara.

Mai Jirgin Yauri: Malam, gorar na nan tun jiya, har yanzu fari ne. Na ɗiga a kan ƙarfe mai zafi yanzun nan, ya yi tartsatsi sosai.

Makaniken Lokoja: To ruwa ne, babu tantama. Abin farin ciki shi ne garin da ka gani mai laushi ne, wannan cin yau da gobe ne na giya. Da ɓarɓashi ne mai tsini ko ɓallin haƙori, da na ce ka sauke injin yau.

Baba, da girmamawa, dabararku ta wanda ke tsakiyar tafki ce, kuma ta kai mutane da yawa gida, ban raina ta ba. Amma wanda ke kwana a Yauri yana da hanyar gano ƙofar ya toshe. Ruwan nan ba zama yake yi shiru a ciki ba. Da dare in inji ya huce, ruwan kan rabu da man ya kwanta a kan boris, tsatsa ta ci ta bar ƙananan ramuka. Boris ya fara wasa, shaf, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a ciki, ya fara rawa, sil ɗin da ya rage da rai shi ma ya buɗe. Daga nan sai ƙaramar giyar da ke juya sauran ta fara ɓallewa. Ranar da za ta tsaya kuwa ba a kwata take tsayawa ba, sai jirgi na cike da mutane a tsakiyar ruwa, inji na kuka farfela ba ta juyawa.

Ƙofofin da ruwa ke bi ba su da yawa. Washar sukuran nan biyu. Sil na shaf ɗin farfela. Sil na doguwar shaf da ta sauko daga kan inji, yana ƙarƙashin famfon ruwa. Sil na sandar canja giya. Zoben roba na gidan boris da ke bayan farfela. Sai kuma tsagewar jikin ƙafar kanta. Wanda ya ce maka ka sayi sil na farfela ya zaɓi ɗaya ne cikin waɗannan da ka, bai gwada ba. Mai yiwuwa ya dace, domin nan ne ya fi lalacewa a ruwanmu, amma na sha karɓar inji an sa masa sabon sil har sau biyu, alhali washa ce ta bushe.

Hajiya Mai Kifi: Oga, wannan magana taka ta taɓa ni. Ni ba na shiga jirgi, amma ni ke biyan kuɗin gyara. An taɓa kawo mini lissafin ƙafar inji sukutum, aka ce giya ta niƙe. Da na matsa da tambaya sai na ji ashe man ya daɗe yana fitowa fari, ana juyewa ana zubawa, ba wanda ya gaya mini. Da tun farko an ce ga matsala, kuɗin da bai kai na kwandon kifi ba zai gyara. Ina roƙon direbobi, don Allah in kun ga irin wannan ku faɗa wa mai jirgi. Ba laifinku ba ne roba ta tsufa.

Ɗan Gaya: Nima ina da irin wannan a nan ɓangaren Nijar. In na ɗaga injin da yamma, da safe sai in tarar baƙin mai yana ɗiga daga tsakiyar farfela. Ke nan nawa sil ɗin ma ya tafi?

Makaniken Lokoja: Ba lallai ba, ɗan'uwa. In injinka irin wanda ake haɗa wa fetur da mai ne, hayaƙinsa ta tsakiyar farfela yake fita. Man da bai ƙone ba yakan taru a hanyar hayaƙin ya gangaro baƙi ƙirin, musamman in kana yawan tafiya a hankali ko kana cika mai a fetur. Shinshina shi. Na hayaƙi warin fetur da ƙauri yake yi. Man giya warinsa daban ne, mai nauyi, na farar wuta, duk wanda ya taɓa shaƙarsa ba ya mantawa. Sannan ka tsayar da injin a miƙe, ka kwance sukurun sama kaɗai, ka zura tsinke mai tsabta. In man na nan dab da bakin ramin kuma kalarsa ba ta canja ba, ƙafarka lafiya take.

Ɗan Yeji: Gaisuwa daga Ghana. Ni abin da zan ƙara, a duba ko shaf ɗin farfela ya lanƙwashe. Mu a tafkin Volta matsalarmu kututture ne. Da aka gama dam ɗin Akosombo a 1965 ruwa ya rufe daji da itatuwansa a tsaye, har yau suna nan a ƙasa, in ruwa ya ja baya sai su matso kusa da sama. Tsakanin Yeji da Makango duk direba ya san wannan. Farfela ta daki kututture, ka ga kunnenta ya ɗan lotsa, ka buga ka miƙe, ka ɗauka shi ke nan. Ashe shaf ya karkace kaɗan, ido ba ya gani. Irin wannan ko sil nawa ka sa sai ya cinye. Na san ku ma a Kainji kuna da itatuwa a ƙarƙashin ruwa. Gwajin ba wuya: cire farfela, sa giya a firi, ɗaure ƙarfen waya a jikin ƙafar yadda bakinsa zai kusa taɓa ƙarshen shaf ɗin, ka juya shaf da hannu. In tazarar tana buɗewa tana rufewa, ya lanƙwashe.

Mai Jirgin Yauri: Na cire farfela. Jama'a, bayan babbar washar da farfela ke jingina da ita na tarar da wani baƙin zobe mai tauri, na ɗauka ma na injin ne. Da na sa tsinin wuƙa sai ya fara warwarewa, ashe zaren raga ne ya naɗe ya narke. Na cire shi duka. Shaf ɗin na gwada yadda yayana na Yeji ya ce, ban ga rawa ba.

Dattijon Baga: Ka ga ɓarawon ke nan. Zaren koma da na mamari ba abin da suka bari. Da can da zaren auduga ake saƙa raga, in ya naɗe ruɓewa yake yi. Wannan na roba kuwa zafi na taɓa shi sai ya narke ya shige ƙarƙashin sil ya yanka. Sa sabon sil, yaro, ka huta.

Mai Kayan Gyara: Baba ya yi gaskiya, zare ya fito ai bincike ya ƙare. Sil biyu ne a wurin, a canja su tare.

Makaniken Lokoja: Zaren shaida ce mai ƙarfi, amma ni dai ban yarda a tsaya nan ba. Injin da ke aiki inda ake kamun kifi, da wuya ka cire farfelarsa ba ka samu zare ba, har waɗanda mansu ke garau. Samun zare bai nuna cewa sauran ƙofofin a rufe suke ba. Tunda man ya riga ya fita, yanzu ne lokacin gwajin iska, kuma ba ya cin kuɗi.

Ga yadda ake yi. Ƙafa babu mai a ciki. Ka ɗaure sukuru ɗaya da sabuwar washa, ɗaya ramin kuma ka ɗaura bututun da za ka busa iska. Mu muna da abin gwajin, famfon hannu ne da geji. Wanda ba shi da shi yakan samu tsohon sukurun mai, a huda tsakiyarsa, mai walda ya liƙa masa bawul ɗin tiyub, sai a yi amfani da famfon keke da geji mai karanta ƙaramar iska. Littattafan gyaran Yamaha, a ma'aunin ƙarfin iska, wasu injinan sun ce kPa 70, wato psi 10, wasu kPa 100, kimanin psi 14, kuma allurar ta tsaya cak na daƙiƙa 10. In ba ka da littafin injinka, tsaya a psi 10, ni kuma nakan bar shi ya fi haka daɗewa, 'yan mintoci. Yana cikin iskar ka juya shaf ɗin farfela, ka motsa sandar giya gaba da baya, domin wani sil ɗin ba ya yoyo sai abin da ke cikinsa ya motsa. Allura ta fara sauka, sai ka bi ko'ina da ruwan omo, ko ka tsoma ƙafar cikin rabin duro. Inda kumfa ya taso, nan ne.

Abu ɗaya nake roƙonka da Allah: kada ka kai wa mai faci ya sa maka kwamfaresa. Tayar mota ma psi 30 da wani abu take sha, tankinsa kuwa ya ninka haka. Bugu ɗaya zai tura sil masu lafiya waje, ka koma da yoyon da ba ka zo da shi ba.

Malamin New Bussa: In gejin ya yi wuyar samu, na'urar awon jini irin ta hannu, mai ƙwallon roba da agogo, tana aiki. Iyakarta 300 a agogonta, wanda bai kai psi 6 ba, don haka ba za ta lalata komai ba, kuma allurarta na nuna ko ɗan yoyo ƙanƙani.

Sai dai akwai abin da gwajin busawa kaɗai ba ya kamawa. Leɓen sil ba ɗaya yake riƙewa ta fuskoki biyu ba. Yana iya hana iska fita, amma ya bar ruwa ya shiga. Kuma shigar ce damuwarmu. Lokacin aiki giya na ɗumama, iskar da ke saman man ta kumbura, kaɗan ta sulale waje. Ka kashe inji ƙafa na cikin ruwa, ciki ya huce, iskar ta tsuke, sai ƙafar ta riƙa zuƙo abin da ke kewaye da ita. Ta haka ne ake samun ƙafar da ba ta zubar da ko ɗigon mai amma kullum manta fari. Shi ya sa ake gwaji na biyu, na zuƙe iska. In babu famfon zuƙa, babban sirinji mai cin mililita 60 da ɗan bututu ya isa a gane. Ka ja hannun sirinjin, ka riƙe minti ɗaya, ka saki. In ƙafar a toshe take, hannun zai koma ciki da kansa. In ya tsaya inda ka bar shi, iska ta samu hanyar shiga ta cike gurbin.

Dattijon Baga: Malam, wannan bayani naka ya warware mini wani abu. Mun daɗe muna lura injin da ake barin ƙafarsa cikin ruwa ya kwana ya fi saurin yin fari a kan wanda ake ɗagawa. Mun san haka ne da ido, dalilin ne ba mu riƙe ba. Amma ina nan a kan bakata ta wani wajen: wanda ke nesa da gari, juye-zuba ya fi masa barin ruwan a ciki.

Makaniken Lokoja: A nan kam ba mu da saɓani, Baba. Juye-zuba har a iso gari, daidai ne. A mai da shi gyara ne ban yarda ba.

Ɗan Gaya: Na shinshina nawa, warin fetur ne, man kuma na nan a cike. Allah ya saka. Amma ina da wata tambayar. Akwai masu cewa in ƙafa na shan ruwa a cika ta da giris maimakon mai, wai ruwa ba ya gauraya da giris. Wasu kuma baƙin man mota suke zubawa don ya fi araha.

Makaniken Lokoja: Kada ka soma. Giris ba ya gudana. Giya na fara juyawa za ta watsa shi gefe ta ci gaba da gudu a bushe, boris na sama da ke kan doguwar shaf kuwa ba abin da zai kai gare shi, domin man ne ke hawa ya same shi. Ruwan ma bai fasa shiga ba, ganinsa ne kawai ba za ka yi ba. Baƙin man inji kuma ba a yi shi don haƙoran da ke murzar juna da irin wannan nauyi ba. Abin da ake so man giya ne mai lamba 90. Wanda aka yi don injin ruwa ya fi, saboda an haɗa shi ya riƙe ɗan ruwa a jikinsa ya ci gaba da aiki kuma ya hana tsatsa. In babu, man giyar mota mai lamba 90 ya fi giris nesa ba kusa ba. Kuma abin ba yawa gare shi ba: ƙaramin 15 kwatan lita yake sha, 40 bai kai rabin lita ba, 75 ya ɗan haura rabi. A kan wannan ɗan man ba a yi wa inji rowa.

Mai Jirgin Yauri: Alhamdu lillahi, an yi gwajin. Wani makanike a nan yana da famfon da gejin, muka sa psi 10. Allura ta fara sauka a hankali. Da muka zuba ruwan omo, kumfa ya taso a bakin sil ɗin farfela, amma sai an juya shaf ɗin. Sannan makaniken ya ce mu sauya, muka mayar da bututun ramin ƙasa, muka ɗaure sukurun sama da tsohuwar washarsa yadda yake a da. Nan kumfa ya fi yawa ma, ba sai an taɓa komai ba. Da ya leƙa ramin da tocila sai ga guntun wata tsohuwar washa a manne a ciki, ashe biyu ne a kan juna, ta cikin ta tsage. Ke nan wuri biyu ne.

Ɗan Yeji: Madalla da wannan makanike, ya san aikinsa. Mutane da yawa ba sa sauya ramin, sai ya zama sukurun da aka cire don a sa bututu shi kaɗai ne ba a gwada ba.

Mai Kayan Gyara: To na karɓa, da an bi tawa da an bar ɗaya a buɗe. Bari in taimaka ta inda na sani. Ka zo da lambar injin da ke kan farantin jikin maƙalarsa, domin 40 ɗin ba iri ɗaya ba ne, sil ɗinsu ya bambanta. Kafin a cire tsofaffin a ɗauki hotonsu da waya. Wasu injinan sil biyun baya-da-baya suke zama, wasu kuma fuska ɗaya suke kallo, in aka juya su aikin ya ɓaci. Ka duba ɗan zoben waya da ke cikin leɓen sil ɗin. Na injin ruwa ba ya tsatsa. Akwai na mota da girmansu ya zo daidai, suna shiga tsaf, amma wayar ta baƙin ƙarfe ce, ba ta daɗewa a ruwa take ruɓewa leɓen ya saki. Tunda za a zaro gidan boris, a canja zoben robansa gaba ɗaya, kada a mayar da tsohon. Washa kuma ka sayi da yawa ka ajiye a jirgi, duk canjin mai sababbi biyu.

Makaniken Lokoja: Ƙari a kan na Alhaji: in an zaro shaf ɗin, ka bi inda leɓen sil ke zama da farce. Yashi da zare sukan yi masa zobe. In farce ya maƙale a ciki, sabon sil ba zai kama da kyau ba. Wani lokaci akan ɗan gusa da mazaunin sil ɗin kaɗan don leɓen ya hau lafiyayyen wuri, in ramin ya yi zurfi kuwa sai dai wani shaf. A duba boris ɗin a rana, in akwai ɗigon tsatsa ko yana ƙara in an juya, yanzu ne sauƙin canja shi. A shafa wa leɓen sil giris kafin a zura shaf. Bayan an haɗa, a sake gwajin iskar kafin a zuba mai, har da na zuƙa. Kuma kada ka bar ƙafar ta kwana biyu a buɗe babu mai da danshi a ciki, tsatsa ba ta jira.

Hajiya Mai Kifi: Oga, to wanke cikin fa? Yarana kalanzir suke zubawa su girgiza. Kuma don Allah a daina juye man nan a bakin ruwa. Inda ake juye shi nan mata ke wanke kifi, nan yara ke wanka. A tara a galan a kai wa masu buƙatarsa a gari.

Makaniken Lokoja: Hajiya, maganar juyewa a ruwa gaskiya kika faɗa. Kalanzir kuwa, in an wargaza ƙafar ana wanke kayan ɗaya bayan ɗaya a shanya, babu laifi. Amma a zuba shi a rufaffiyar ƙafa, ba ya fita duka, ragowar sai ta tsinka sabon man. Gara a cika da man giya, a yi ɗan gudu kaɗan cikin ruwa, a juye, a sake cikawa. Man farkon zai kwaso ragowar ruwan.

Cikawar ma akwai yadda ake yi. Inji a miƙe, sukurai biyu a cire, a matsa man ta ramin ƙasa har ya ɓullo ta na sama ba kumfa. A ɗaure na sama tukuna, bututun na nan a ƙasa, sannan a zare a yi maza a ɗaure na ƙasa. Wanda ya ɗura ta sama iska ce ke tare shi, ya ga kamar ta cika alhali da saura. Ki sa direbobinki su riƙa cire farfela suna duba zare a kai a kai, musamman lokacin da raga ta yi yawa a ruwa, su cire hular fulogi kafin su taɓa ta. Mai kuma a canja duk awa 100 na aiki, wanda ga jirgin haya ba ya ɗaukar dogon lokaci.

Mai Jirgin Yauri: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Tambaya ta ƙarshe, Oga. In an gama duk wannan, yaushe zan sake dubawa? Kuma in na ga ya ɗan yi fari, ke nan aikin bai yi ba?

Makaniken Lokoja: Bayan kamar awa 10 na aiki, ka bar injin ya kwana a miƙe, da safe ka sassauta sukurun ƙasa kaɗai ka tari 'yan ɗigo a farar takarda. Ɗan hazo kaɗan a karon farko yana iya zama ragowar tsohon ruwan ne, ka canja man ka sake dubawa. In karo na biyu ya fi na farko fari, saura wuri biyu da gwajinku bai gani da ido ba, tunda ƙafar na jikin inji kuka yi shi: sil na doguwar shaf da na sandar giya. Na doguwar shaf ya fi zama abin zargi, domin famfon ruwa a kansa yake zaune, yana danna masa ruwa da yashi duk lokacin da inji ke aiki, kuma yakan riƙe iska a tsaye ya saki sai ana gudu. Wannan sai an sauke ƙafar, an cire famfon, a riƙe shaf ɗin da gidan sil ɗin kada iska ta turo su sama, a zuba ruwan omo a kai ana juyawa. In aka kai ga haka, ka sayi robar famfon ruwa ka tafi da ita, a canja ta a zama ɗaya.